Yadin da Gara Ta Ƙi Ci

Babana ba a cutarsa a ciniki. Duk layinsu a kasuwar Singa an san shi da haka. Yana da ɗan shagon kayan masarufi, kuma na sha ganinsa ya ɗaga buhun sukari ya ajiye, ya ce wa wanda ya kawo, "An farke wannan an sake ɗinkewa." In aka ɗora a sikeli sai a tarar haka ne. Ko albasa zai saya mana a bakin titi sai ya taya, ya yi gaba, a kira shi, ya sake yin gaba, har ni da nake tsaye a bayansa kunya ta rufe ni.

Abu biyu ne ba a tayawa a gidanmu: Alƙur'ani da likkafani. Abin da mai shi ya faɗa, shi ake miƙa masa a juyo. Ban san ko haka yake a kowane gida ba. Mu dai haka muka taso muka gani.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare Kaka, mahaifiyar Baba, ta ce a sayo mata likkafaninta ta ajiye. Ba ta kwanta ciwo ba a lokacin. Ciwon suga dai ya riga ya ci idonta, ba ta ganin komai sai inuwa, kan yatsunta kuma ya mutu, ko allura ta soke ta ba ta sani sai mun ga jini. Amma tana cin tuwonta tana yi wa kowa faɗa. Daga Barno suka zo Fagge ita da kakanmu tun kafin a haifi Baba, kuma har ta tsufa in ranta ya ɓaci da Barbarci take mita. Ni nake kwana a ɗakinta, ni nake ware mata ƙwayoyin magani. Bebiya take ce mini, don ba na magana sai dole.

Sharaɗi ɗaya ta kafa wa Baba.

"Auduga," ta ce. "Zalla. Ban ce mai kyau ba, ban ce mai tsada ba."

Kowa a gidan ya san dalili, don ta ba da labarin ya fi a ƙirga. Wata shekara da aka yi ruwa mai yawa, tana dawowa daga barka ta bi ta gefen wata maƙabarta, sai ta tarar ruwa ya zaizaye gaɓar da ke bakin hanya. Wani farin yadi ya leƙo daga cikin ƙasa, fari tas kamar jiya aka sa shi, alhali wajen tsofaffin kaburbura ne. Mutane sun taru suna salati, suna cewa wani bawan Allah ne ƙasa ta ji nauyin suturarsa. Ita kuwa ta yi kaɗi da mazari tun tana yarinya, ta yi shekara talatin tana yawon sayar da yadi gida-gida. Kallo ɗaya ta yi masa.

"Leda ce," in ji ta. "Mutum ya gama, ƙasa ta karɓi nata, amma ga ƙasusuwansa a ƙunshe kamar ƙanƙarar zoɓo, yara na leƙe. Ni kada a ƙunshe ni. A sa ni a abin da zai ruɓe tare da ni."

Ranar wata Juma'a Baba ya shigo da likkafanin a cikin jaka mai hannu. Ya ce bai je wajen masu awo a bakin hanya ba, wani shago ya shiga mai ƙofar gilashi da sanyi a ciki. Ya ce wa mai shagon likkafanin uwarsa yake nema, a ba shi wanda ya fi kowanne. Mai shagon bai ɗauko daga kan kanta ba, can ciki ya shiga ya fito da shi a hannu biyu.

Umma ta tambayi kuɗin. Da ya faɗa sai ta dafe baki. Ya isa kuɗin makarantata na zango biyu.

"Ba ka ko ɗan..." ta fara.

"A likkafanin uwata?" ya ce. Ba ta ƙarasa ba.

Farinsa har wani shuɗi-shuɗi yake yi. A bakinsa akwai hatimi mai ruwan zinare, da hoton ƙwallon auduga da rubutun wata ƙasa. Kaka ta shafa shi da yatsunta da ba sa jin komai, ta kai shi kumatu, ta sansana. An riga an fesa masa turare a shago, ba abin da ke tashi sai shi.

"Auduga ce?"

"An rubuta a jiki, Inna. Ga ma hotonta."

"To. Allah ya yi maka albarka."

Ni aka ba in ninke. Ya ƙi zama. In na danne wannan gefe sai wancan ya buɗe, ba ya riƙe kari ko kaɗan. Ɗigon ruwa ya faɗo masa daga butar Kaka, ya tsaya a dunƙule kamar dutsen ado, ya gangara ya faɗi ƙasa bai bar danshi ba. Na gani. Ban ce komai ba. Na naɗe shi a wani tsohon zane na sa a akwatin katako da ke ƙarƙashin gadonta.

Da damina ta yi nisa sai na fara jin wani motsi. In na dawo daga makaranta na zauna a tabarma ina aikin gida, gidan ya yi tsit bayan azahar, sai in ji wani siririn sauti daga ƙarƙashin gado, kamar wani na tauna abu a hankali ba ya son a ji. In na ɗaga kai sai ya zama kamar ya tsaya. Na yi sati biyu ina jinsa. Na san abin da ke cikin akwatin, shi ya sa na kasa leƙawa.

Umma ce ta jawo akwatin ranar da take shara. Gindinsa ya zauna a wajen, sama kawai ya biyo hannunta. Gara ce. Ta cinye zannuwan saƙi na Kaka guda uku, da takardun Hajjinta, da hular kakanmu da ta ajiye tun rasuwarsa, da zanen da na naɗe yadin a ciki. Duk sun koma jar ƙasa. A tsakiyar ƙasar ga likkafanin nan a kwance, fari fat. Garar ta gina hanyoyinta a kansa, sirara kamar jijiyar bayan hannu, ta wuce ta kai ga abin da ke gaba. Da aka kakkaɓe, ko huda ɗaya babu.

Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a bayan layinmu, ita ta fara kabbara. Kafin la'asar maƙwabta sun cika tsakar gida, ana ta miƙa shi hannu-hannu.

"Ikon Allah! Hajiya, me kike yi a ɓoye da ba mu sani ba?"

"Ki sa mu a addu'a dai, kin ga ke an gama miki."

Baba ya dawo daga kasuwa aka nuna masa. Idonsa ya ciko. Ya ce, "Ai na faɗa. Abu mai kyau daban ne."

Duk waɗannan mutanen sun san labarin maƙabarta. Ban sani ba ko ba wanda ya tuna, ko an tuna aka kawar da kai. Ga hatimi, ga kuɗin da aka biya. Kaka tana zaune a bakin gado, hannunta a cinya.

"Ko huda ɗaya?" ta tambaya.

"Ko ɗaya, Inna."

Can an jima ta sake cewa, "Ko a baki-baki?"

Daga ranar ta daina ba da labarin maƙabarta. Tuwon ma sai ta ci rabi ta ture. Wata safiya ina ɗaura mata ɗankwali ta kama hannuna.

"Bebiya. Ke bakinki ne ba ya aiki, idonki na yi. Me kika gani?"

Na ce, "Fari ne."

"Fari ne," ta maimaita, ta sake ni.

Aka sayo akwatin ƙarfe aka mayar da shi ciki, a naɗe cikin wani koren tawul, aka ba ni makullin na rataya a ƙusa. Da sanyi ya shigo Goggo ta zo ta ce a fito da shi ya sha turaren wuta. Tsakar rana ce, amma an ɗauke wuta, ɗakin Kaka kuwa 'yar tagarsa katangar maƙwabta ta toshe ta, dole ya yi duhu. Goggo ta kama baki ɗaya na kama ɗaya, muka ja. Sai ya fara ƙara, tas, tas, tas. A cikin ninkin wasu ƙananan tartsatsi shuɗaye suka riƙa gilmawa. Gashin hannuna ya miƙe. Gefen da ya sauka ƙasa ya taso da kansa ya manne mini a ƙafafu, ya naɗe su har gwiwa.

Goggo ta saki nata ta durƙusa tana salati. "Haske! Inna, haske ne ke fita daga jikinsa!"

Ni ma na saki nawa. Amma na san ƙarar nan. Hijabina na makaranta, wanda ake sayarwa a tule a bakin titi, haka yake yi duk lokacin sanyi in na cire shi. Har a kunne yake harbina.

Da Goggo ta fita kiran Umma, na ɗauki rezar yankan farcen Kaka na yanki ɗan ƙyalle daga bakin yadin, bai fi faɗin yatsa ba. Na sa a gwangwanin kayan lissafina. Kwana uku yana ciki. Ko fensir na zo ɗauka sai in ji kamar na saci wani abu daga kabari.

Wadda muke zama benci ɗaya da ita 'yar Ibo ce, haifaffiyar Sabon Gari, ta fi ni iya zagi da Hausa. Mamanta tela ce. Ranar Alhamis da aka tashi na ce mata ina so in ga mamanta. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Yau kuma magana? Me aka ba ki kika ci?"

Shagon yana cikin wani layi da ban taɓa shiga ba, tsakanin mai gyaran janareta da mai sayar da doya. A bakin ƙofa akwai mutum-mutumi uku marasa kai, an sa musu fararen riguna na matan coci, iska na kaɗa hannayensu. Na bi ta tsakaninsu ina sunkuyar da kai. Maman tana kan keke, tabarau a kan hanci, allurai a baki. Na gaishe ta, na miƙa mata ƙyallen, na ce ina son in san ko auduga ne.

Ta murza shi, ta ɗaga shi wajen haske. "Na mene ne wannan? Rigar makaranta?"

"Likkafanin kakata."

Ta sake shi ya faɗi kan keke. "Yesu! Yaushe ta rasu?"

"Tana gida. Ta sha koko da safe."

Ƙawata ta fashe da dariya, maman ta daka mata tsawa da yarensu. Sannan ta ciro alluran daga bakinta ta jawo wani guntun kyandir da take ƙona bakin ribon da shi, ta kunna.

"Zo nan, 'yata. Ki duba da kyau, don kada gobe ki sake biyan kuɗin mota."

Ta tsinci wani ƙyalle a ƙasa ta kai wuta. Ya kama nan da nan, ya ci da ƙaurin takarda, ya bar toka mai laushi. Ta hura, ta watse. "Wannan auduga." Sai ta ɗauki nawa da bakin almakashi. Tun wutar ba ta taɓa shi ba ya fara janyewa, yana nannaɗe kansa kamar tsutsa a rana. Baƙin hayaƙi ya tashi da warin bola. Ya narke ya ɗiga a kan tebur, ya daskare ya zama wani ɗan baƙin ƙullutu mai sheƙi.

"Roba," ta ce. "Ko shafin riga ba na sa wa mutumin kirki wannan. Nawa aka ba ku?"

Na faɗa mata. Ta fara dariya, sai kuma ta daina.

"Idon mutum suke kallo. In sun ga ruwa a ciki, shi ke nan. Mu ma haka suke yi mana wajen akwatin gawa. Lokacin mijina fenti na biya, ba katako ba." Ta ɓamɓaro ƙullutun ta ƙunsa a takarda ta sa mini a hannu. "Kai wa tsohuwa. Ita ce mai kaya."

Sai da na ƙara kwana biyu. Ranar Asabar da hantsi, Baba ya tafi kasuwa, Umma na daka a tsakar gida, na zauna kusa da Kaka na buɗe tafin hannunta na ajiye mata.

"Mene ne?"

"Na yanka a bakin yadin. An ƙona. Abin da ya zama ke nan."

Ta juya shi ba ta ji komai ba. Sai ta jefa shi a baki, ta kai shi kan 'yan haƙoran da suka rage mata, ta ciza. Na ji ƙas. Ta tofar a hannu.

"Leda."

Can sai kafaɗunta suka fara motsi. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce.

"Tun ranar gara na sani. Wai gara ta ji nauyina! Ta cinye hular kakanki, shi da ya fi ni salla?"

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Makauniya ta ce wa ɗanta an cuce shi? Da wane ido? Jira nake mai ido ta buɗe baki, ashe sai na kusa mutuwa za ta buɗe." Ta lalubo kunnena ta ja. Sannan ta rage murya. "Kada ubanki ya ji. Ba shi da gida na biyu, ba shi da mota. Abin da yake da shi ke nan, a ce ba a cutarsa. In ya ji a kan likkafanin uwarsa aka ci shi, ba zai ƙara miƙewa daidai ba."

Asabar ta gaba muka ce za mu je awon suga. Muka tari adaidaita sahu ta ce Kwari. A cikin kasuwar ni nake riƙe da hannunta amma ita ke ja. Ta ce a yi dama, a wuce masu atamfa, a shiga lungun da ake jin warin sitaci. Rabin abin da take kwatantawa an rushe an yi bene, amma lungun yana nan. A ƙarshensa wani tsoho na zaune a kan bandir-bandir na farin yadi, da sandar awo a cinya.

"Alawayyo," ta ce masa. "Ba na so ka nuna mini mai hoto."

Ya jawo wani. Ba fari ba ne sosai, ya yi kalar madarar da ta kwana, da ɗigo-ɗigon baƙi na ɓawon auduga, ga kaushi. Kaka ta sa bakinsa a bakinta ta jiƙa, ta tauna. Ta ce in ja zare in kunna ashanar da ta sa na taho da ita. Ya ci, ya bar toka.

"Toka ce," na ce.

"Shafa mini a harshe."

Na shafa. Ta gyaɗa kai. "Yadi goma."

"Allah ya ji ƙai," in ji tsohon. "Wa aka rasa, Hajiya?"

"Ba a rasa ba tukuna. Ni ce."

Ya faɗi kuɗi a hankali. Ta taya rabi.

"Haba Hajiya. Ai ba a taya wannan."

"'Ya'ya ne ba sa tayawa, shi ya sa kuke yanka su. Yau mai shiga ciki ce ta zo da kanta."

"Albarka."

"Tashi mu tafi, Bebiya."

Sau biyu muna tashi yana kiranmu. Masu shagunan kusa suka taso suna kallo, wani na cewa, "Baba, sallama mata, kada ta tafi da kai a zuciya." Da ya sallama, ya auna goma zai yanka, ta riƙe sandar.

"Gyara fa? Ka ga ina da tsawo."

Ya ƙara mata taƙi ɗaya yana girgiza kai. Ta kwance bakin zanenta ta biya. Bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da Baba ya bayar ba. A hanyar dawowa ta sa na saya mata gurasa, ta cinye tas a cikin adaidaita.

Ba inda za mu ɓoye shi Umma ba ta gani ba. Kaka ce ta ce in zazzage tsummokaran da ke cikin matashinta in ninke shi in cusa. Ya zauna daidai, sai dai tauri. Wata huɗu tana kwana a kansa. In ta kwanta sai in ji tana shaƙar warin sitacin, har ta yi barci.

Ta sha maimaita mini yadda za a yi. "Ranar, ke za a aika, ke kika san makulli. Ki ciro nawa, ki sa a koren tawul. Na ubanki ki cusa a matashi. Faɗa in ji."

Sai in faɗa.

"In kika yi mini bebancin nan naki ranar, wallahi sai na dawo miki."

Tana dariya take faɗa. Ni ban taɓa yin dariyar ba.

Da bazara ta rasu, ana tsakiyar zafi, muna hutu. Ta sha kokonta da safe ta ce za ta ɗan kishingiɗa. Umma ce ta shiga da hantsi ta fito tana salati. Kafin a jima gidan ya cika. Aka rufe ta da zane a kan gadonta, aka ɗaure mata haɓa, mata suka fita tsakar gida suna haɗa ruwan wanka. Goggo ta dafa ni, idonta jawur.

"Je ki ɗauko mana kayanta."

Na shiga na saki labule. Abin da ba mu taɓa lissafawa ba, ni da ita, shi ne a kan matashin za ta cika.

Na buɗe akwati na fito da koren tawul na ajiye. Na tsaya a kanta. Ta cikin zanen ana ganin tudun hancinta. Na ce, "Kaka, ni ce," don ban san yadda zan taɓa ta ba tare da na faɗa ba. Na zura hannu ƙarƙashin wuyanta. Kanta ya fi yadda na zata nauyi, bayan kunnenta da sauran ɗumi. Na ja matashin da ɗaya hannun, na sauke kan a katifa a hankali.

Alawayyon ya fito da ramin kanta a jikinsa. Na naɗe shi a tawul. Na Baba kuwa ya ƙi shiga. Ina cusa nan yana fitowa can, yana tas-tas, yana manne mini a damtse. Daga waje na ji Goggo na cewa, "Me take yi ne haka?" Na danna shi da gwiwa na ɗaure bakin rigar matashin, na sake ɗaga kanta na mayar mata. Zanen ya zame daga fuskarta. Ban kalla ba, na ja shi na rufe.

Wata tsohuwa ce a layinmu take wankan gawar mata. Ita na miƙa wa. Ta buɗe tawul a gaban Goggo.

"Wannan..." Goggo ta ce. "Kamar ya sauya launi."

"Ajiya ce, da hayaƙin turare," in ji tsohuwar. Ta ɗan tsaga bakinsa da haƙori ta ja da hannu biyu. Ya yage a miƙe, da ƙara mai tsawo. "Yawwa. Rabon da in sami mai yaguwa haka an daɗe."

Goggo ta dube ni. Na dubi ƙasa. Har yau ba ta taɓa tambayata ba.

Da aka fito da ita a makara, a naɗe, an lulluɓa darduma a sama, Baba na gaba. Bayan sun dawo ina jinsa ta bangon zaure yana gaya wa masu gaisuwa, murya a dishe, "Yadin nan da aka sa ta, ko gara ba ta taɓa shi ba."

Na yi niyyar in fitar da shi daga matashin, amma har aka yi sadakar bakwai ɗakin cike yake da baƙi. Da suka watse kuma na koma kwana ɗakin Umma, na kasa ko ɗaga labulen. Kullum sai in ce gobe.

Baba ya koma kasuwa, amma ba ya kaiwa yamma. Sai ya dawo bayan azahar ya shiga ɗakin Kaka ya zauna. Wata rana ina wanki a tsakar gida, Umma ta shiga maƙwabta, na ji shiru ya yi yawa. Na ɗaga kai. Yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin, ba hula. Farin yadi na hannunsa, sauran ya ja ƙasa ya shige cikin duhun ɗakin. Babban yatsansa na kan hatimin zinaren.

"Na ɗora kaina a matashinta," ya ce. Ba ni yake kallo ba. "Na ji yana ƙara a kunnena."

Ya ɗago yadin.

"Ni na sa ta a kabari. Da hannuna na sa ta. Me wannan yake yi a nan?"

Sai a lokacin na gane abin da yake tunani: ya ɗauka daga kabari yadin ya dawo. Leɓensa ya bushe, yana karanta wani abu da ba ya fita. Na yi mata alkawari, amma ba ta ga fuskar nan ba.

Na goge hannuna na shiga kicin na ɗauko ashana da wuƙa. Na yanki bakin yadin a hannunsa, bai hana ni ba. Na kunna. Ƙyallen ya janye, ya yi baƙin hayaƙi, ya ɗiga a siminti. Baba ya durƙusa ya taɓa ɗigon tun bai huce ba, ya manne masa a yatsa. Bai cire ba.

Na faɗa masa duka, tun daga gwangwanin lissafi har Kwari har matashi. Ban taɓa yi masa magana mai tsawon haka ba. Yana tsugune yana kallon yatsansa.

"Ta san ni aka cuta."

"Ta sani."

"Me ta ce?"

"Ta ce kada ka ji."

Ya yi wani sauti ta hanci, ban san ko dariya ba ce. Kajin maƙwabta suka shigo suka zagaya bokitin wankina suka fita.

"Wanda aka sa ta a ciki," ya ce. "Kin ƙona shi kin gani?"

"A gabanta. Toka ya zama. Har ta ɗanɗana."

"Da idonki kika gani?"

"Da idona."

Ya rufe ido. "Alhamdu lillahi."

Ya miƙe da ƙyar, kamar wanda ya sauke buhu. Ya jawo sauran yadin daga cikin ɗaki, ya nemo baki ɗaya ya miƙo mini.

"Kama mu ninke kafin uwarki ta dawo."

Na kama na ja baya har bakin rariya, shi yana bakin ƙofa, yadin ya miƙe a tsakaninmu. Muka haɗa gefe da gefe, na tako zuwa wajensa.